Me ya sa yamutsin siririn falle a kan roba yake rabuwa yana yankewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina bincike a kan siririn fallen folistirin (wani filastik mai tauri) mai kaurin kimanin nanomita 100 (kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita) da nake ɗorawa a kan robar PDMS (robar silikon mai laushi). Nakan ja robar, in ɗora fallen, in sake ta, sai yamutsi ya fito layi-layi. Amma a madubin ƙara girma ina ganin wasu layukan sun rabu biyu, wasu sun yanke a tsakiya. Da muka gwada da ƙwallon roba mai fata mai tauri a sama, wanda ake zuƙe wa iska daga ciki, sai ramuka suka fito, yawancinsu da maƙwabta shida, wasu biyar, wasu bakwai. Shin laifin hannuna ne, ko ƙura ce, ko haka abin yake? Kuma akwai yadda za a kawar da su? Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, amin. Na ji daɗin tambayar nan, ɗan'uwa, domin ta nuna ka zauna ka ƙura wa samfurinka ido, ba ka auna tazarar layuka kawai ka kashe madubi ba. In na fahimce ka, so kake ka san ko rassan nan da yankewar da ramuka masu maƙwabta biyar da bakwai alamar aiki ne da bai yi kyau ba, ko kuwa ɗabi'ar abin ce. To, ba asalinsu ɗaya ba. Akwai waɗanda ƙura ko rashin daidaiton kauri ke kawowa. Akwai waɗanda yadda ka saki robar ne ya haife su. Akwai kuma waɗanda siffar abin ce ta wajabta su, ko a ɗaki mafi tsabta a duniya ka yi aikin sai sun fito. Ba za ka iya bambance su ba sai ka san abin da ke sa falle yamutsewa tun farko, don haka daga nan za mu faro.

Abin da ke yanke tazarar layuka

Idan aka matse siririn falle, hanya biyu gare shi. Ko ya yarda a takure shi ya gajarta, ko ya lanƙwashe ya bar shimfiɗarsa ya riƙe tsawonsa. Tsadar takurewa tana tafiya daidai da kauri, tsadar lanƙwasa kuwa tana tafiya da kauri sau kauri sau kauri. Ka mayar da kaurin rabi, tsadar takurewa ta koma rabi, ta lanƙwasa ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Kafin a kai kaurin nanomita 100 irin naka, lanƙwasa ta zama kusan kyauta in aka gwada ta da takurewa. Shi ya sa siririn abu ba ya jure matsi, nan da nan yake kaucewa.

Da fallen shi kaɗai ne, da baka guda ɗaya babba zai yi, domin lanƙwasa mai faɗi ta fi arha. Amma manne yake da roba. Duk inda ya tashi sai ya ja ta sama, duk inda ya faɗa sai ya danna ta, ita kuwa ba ta son tudu mai faɗi da tsayi, tun da zai motsa ta har can ciki. Falle yana ja wajen faɗi, roba tana ja wajen ƙanƙanta, inda suka sasanta nan ne tazarar da kake gani. Ga falle mai tauri a kan roba mai zurfi, lissafin shi ne λ = 2πt(Ef/3Es)^(1/3), inda λ yake tazara, t kauri, Ef ma'aunin taurin falle, Es na roba, bayan an gyara kowannensu da adadin Poisson nasa, wato yawan tsukewar da abu ke yi ta faɗi in an ja shi ta tsawo. Folistirin yana da gigafaskal 3 da ɗoriya, PDMS da aka haɗa goma da ɗaya (kashi goma na ruwan robar, ɗaya na sinadarin da ke daskarar da ita) tana tsakanin megafaskal 1 da 2, gigafaskal 1 kuwa megafaskal 1,000 ne. In ka saka waɗannan, tazarar taka za ta faɗo kusan maikiromita 5 (maikiromita 1,000 ne milimita 1), wato ninki 50 na kaurin. Matsin da ake bukata kafin yamutsin ya soma kuwa bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ka ɗauki wannan fallen ka ɗora a kan ruwa, sai tazarar ta koma kusan rabin milimita, ninki ɗari ke nan, domin abin da ke turjiya yanzu nauyin ruwa ne kawai. Cerda da Mahadevan sun dunƙule waɗannan a ƙa'ida ɗaya a 2003: tazara tana bin tsadar lanƙwasa a raba da turjiyar abin da ke riƙe da falle, a ɗauki saiwa ta huɗu. Turjiyar tana iya fitowa daga roba, ko ruwa, ko jan da ake wa fallen ta tsawon layukan, ko ma daga gantsarewar fallen kansa a kan abu mai kumburi, kamar yadda Paulsen da abokan aikinsa suka nuna a 2016.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, matuƙar matsin bai yi yawa ba, ƙara shi ba ya sauya tazarar sosai. Tsayin tuddan ne ke ƙaruwa ya haɗiye rarar tsawon. Tazarar tana da taurin kai har an mayar da ita ma'auni: a 2004 Stafford da abokansa a cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, suka nuna yadda za a gano taurin siririn falle daga tazarar yamutsinsa kaɗai. Kafin su, a 1998, Bowden da Whitesides da Hutchinson da sauransu a Jami'ar Harvard sun ɗora siririn zinare a kan PDMS mai ɗumi, da ta huce sai ta tsuke fiye da zinaren, domin kumburinta da zafi ya ninka nasa fiye da sau ashirin, yamutsi ya bayyana. A aikin nasu ne kuma aka ga cewa ƙananan matakala da aka sassaƙa a fuskar robar suna jera layukan, maganar da za mu dawo kanta.

Wanda ke ba da tazara daban, wanda ke ba da alƙibla daban

Lissafin da ya gabata bai faɗi inda layukan za su fuskanta ba. Wannan hukuncin na ja da matsi ne: layi yana kwanciya ta inda ake jan falle, yana gicciye inda ake matse shi. Injiniyan jiragen sama Herbert Wagner ya yi amfani da wannan tun 1929 wajen lissafin siraran farantan ƙarfe, inda ya ɗauka cewa falle mai yamutsi yana ɗaukar ja ta tsawon layukansa amma kusan ba ya ɗaukar matsi ta giciyensu. Har yau da wannan tunanin ake aiki.

Ka ga ke nan iyayen gida biyu ne a kan falle ɗaya. Kayan da aka yi shi da su sun ce tazara kaza. Siffar wurin da yadda aka riƙe bakinsa sun ce alƙibla kaza. Idan layukan a jere suke kafaɗa da kafaɗa, babu rigima, ana iya biyan kowa. Rigimar tana tashi ne da zarar alƙibla ta ce layukan su buɗe kamar hasken rana.

Mu yi lissafin tare, domin a nan zuciyar tambayarka take. A ce layuka suna fitowa daga tsakiya zuwa waje, tazarar da ake so maikiromita 5. Da'irar da ke nisan milimita 1 daga tsakiya kewayenta milimita 6.28 ne, za ta ɗauki layuka kusan 1,250. Wadda ke nisan milimita 2 tana bukatar kusan 2,500. Daga ina ƙarin 1,250 za su fito? Layi ba ya zuwa rabi-rabi, adadinsu cikakkiyar lamba ce. Dole tsakanin da'irorin nan biyu a haifi sababbin layuka, ko dai tsohon layi ya yi reshe biyu, ko sabo ya tsiro a kwarin da ke tsakanin biyu. Kowace haihuwa aibi ce a tsarin, kuma ita ce ainihin abin da ka gani ka kira rabuwa da yankewa. In ka bi layin daga tsakiya zuwa waje za ka ce ya tsiro, in ka biyo shi daga waje za ka ce ya yanke. Abu ɗaya ne.

Falle yana da wata mafita, wato ya riƙe adadin layukansa ya bar tazarar ta buɗe. Yakan yi hakan zuwa wani ɗan nisa. A gwajin Huang da Menon da Russell da abokansu na 2007 a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, inda suka ɗiga ɗigon ruwa a tsakiyar fallen folistirin da ke yawo a kan ruwa, layukan gajeru ne, har ana ƙirga su a fitar da kauri da tauri. Amma in layukan suka yi tsawo, kaucewa daga tazarar da ake so tana tara bashi, har ya kai inda haifar sabon layi ta fi arha. Shi ma aibin ba kyauta ba ne. A daidai inda layi ya ƙare, tsayin tudu dole ya sauka zuwa sifiri, kuma inda babu tudu babu abin da zai haɗiye rarar tsawo, sai fallen ya takure da gaske a ɗan wurin. Don haka tsarin da kake gani ciniki ne tsakanin tsada biyu: ta zama da tazarar da ba a so, da ta biyan kuɗin aibi. Tovkach da Davidovitch da Paulsen da abokansu sun bi wannan a 2020, suka ga yadda aibobin ke taruwa a wasu yankuna inda tsayin tuddai ya dusashe, su bar wasu yankunan da layuka tsaf. Idan a hotunanka kana ganin wurare kamar an shafe su, layukan sun yi dishi-dishi sannan su sake fitowa da adadi daban, wannan ne.

Wani abu da ya burge ni ƙwarai a fagen nan shi ne yadda aka gano cewa lissafin ba sabo ba ne. A 2017 Aharoni da Kamien da Katifori da abokansu suka nuna cewa layukan yamutsi suna bin irin dokar da nau'in kiristal mai ruwa-ruwa da ake kira simektik ke bi, wanda ƙwayoyinsa ke jeruwa hawa-hawa. A duka biyun, karkatar da layuka gaba ɗaya yana da sauƙi, matse su ko buɗe tazararsu yana da wuya. Shi ya sa za ka ga layuka sun yi doguwar kwana sun kauce wa aibi maimakon su cunkushe kusa da shi, kuma sawun aibin yana miƙewa ta giciyen layuka fiye da ta tsawonsu. In kana son ganin irin waɗannan siffofi ba tare da madubi ba, dubi zanen yatsanka: ga layin da ya ƙare, ga wanda ya rabu biyu, ga inda layuka suka yi kwana suka dawo, ga inda rukuni uku suka haɗu. Siffofin da za su iya faruwa a kowane tsari mai layi-layi ke nan, ko mene ne ya haife shi.

Akwai kuma abin da ke faruwa a baki. Idan bakin falle yana son ƙaramar tazara, cikinsa yana son babba, sai layuka su riƙa rarrabuwa mataki-mataki yayin da suke kusantar bakin. An ga wannan a gefen falle mai yawo a kan ruwa a 2010, inda jan saman ruwa ke neman ƙananan tuddai, kuma a 2011 Vandeparre da abokansa suka nuna cewa tsari ɗaya ne daga fallen girafin, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, har zuwa labule. Saboda haka kada ka ɗauki ma'auninka kusa da baki.

Samfurinka na ja ta fuska ɗaya

A nan siffa ba ta wajabta komai ba. Ka ja ta fuska ɗaya, ka saki, layukan a jere ya kamata su fito. To me ya kawo rassan?

Babban dalili shi ne yamutsi ba ya somawa wuri ɗaya. Da matsi ya haye iyakar da yamutsi ke somawa, yakan tsiro a wurare da yawa lokaci guda, kowane yanki da inda ya ajiye tudunsa na farko. Suna yaɗuwa har su haɗu, sai a tarar tudun wannan ya fuskanci kwarin wancan, ko wannan ya zo da layi goma inda wancan ya zo da sha ɗaya. Babu yadda za a ɗinke su sai da reshe. A aikina da irin waɗannan samfura, abin da na fi gani yana tasiri shi ne saurin sakin roba. In aka sake ta farat ɗaya, yankuna masu yawa ne ke tsirowa, rassa su cika ko'ina. In aka sassauta a hankali, musamman a daidai lokacin da ake haye iyakar, yanki kaɗan ne ke somawa, su samu sararin mamaye sauran. Ka tuna iyakar taka ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari take, wato a ɗan motsin farko na sukurun da kake sassauta robar da shi ake yanke hukuncin yawancin tsarin. Ɗalibai da yawa sukan yi gaggawa a farko su nutsu a ƙarshe, alhali akasin haka ake so.

Dalili na biyu kauri ne. Tun da tazara tana bin kauri kai tsaye, in fallen ya fi siranta da kashi 10 cikin ɗari a wani ɓangare ta tsawon layukan, tazarar can ma za ta ragu da kashi 10. Faɗin milimita 1 da ke ɗaukar layi 200 a nan zai bukaci kusan 220 a can, rassa 20 ke nan da ba makawa. Alamar wannan ita ce rassan duk gefe ɗaya suke buɗewa, wajen sirantar. Waɗanda haɗuwar yankuna ta haifa kuwa rabinsu na kallon nan, rabi na kallon can. Ka ƙirga su ta wannan fuskar, za ka sha mamakin abin da ƙirgar za ta gaya maka. Haka abin yake in robar ce taurinta bai daidaita ba, saboda ba a gauraya ta sosai ba ko zafin gasa ta bai kai ko'ina daidai ba.

Ƙura tana da nata sa hannun, ba ta ɓuya. Za ka ga ɗigo a tsakiya, layuka sun karkace sun kewaye shi, sau da yawa da ɗan kumburi inda fallen ya ɗago daga robar.

Akwai wani abu da ba ka ambata ba amma ina kyautata zaton kana gani: tsagewa da ke yanka layukan a giciye. PDMS kusan ba ta sauya girmanta gaba ɗaya, in ka ja ta ta tsawo sai ta tsuke ta faɗi. Da ka sake ta, faɗin ya dawo, sai ya ja fallen ta tsawon layukan da kusan rabin abin da ka saka. Ka saki kashi 10, falle ya sha jan kusan kashi 5, folistirin kuwa ba ya jure hakan. Kowace tsaga tana raba samfurin gida biyu, kowane gida ya ci gaba da nasa lissafin. Maganinta kada ka ja fiye da bukata, ko ka yi amfani da roba mai faɗi da gajeren tsawo tsakanin maƙallai domin su hana ta tsukewa.

Gwajin da nake ba kowa shawara mai sauƙi ne. Ka ɗauki hoto, ka sake jan robar har fallen ya miƙe sumul, ka saki, ka ɗauki hoton wuri ɗaya. Aibin da ya dawo daidai inda yake, wani abu ne ya kafe shi a wurin: ƙura, ɗagowa, ko tabon lanƙwasa da ya zauna a jikin fallen. Wanda ya ɓace ko ya sauya wuri kuma adadinsu ya sauya, na tarihin saki ne. Idan wurare suna sauyawa amma rarar masu kallon gefe ɗaya tana nan yadda take, to siffa ce ko kauri. Sai dai ka yi gwajin da ƙaramin matsi, domin in tuddan suka yi tsini har fallen ya lanƙwashe lanƙwasar da ba ta komawa, zai riƙa tuna tsohon tsarinsa ya ruɗe ka.

In wata rana ka matse ta fuska biyu daidai wa daida, kamar ta hanyar sanyaya, babu alƙiblar da aka fifita, sai kowane yanki ya zaɓi tasa, a samu murɗe-murɗe marasa kai da gindi. Chen da Hutchinson sun nuna a 2004 cewa in matsin ya yi nisa da iyaka, tsarin zigizag mai kama da ƙashin kifi ne mafi arha, amma falle ba ya samo shi da kansa a faɗin samfur gaba ɗaya. Lin da Yang sun nuna dabarar a 2007: a saki fuska ɗaya tukuna layuka su jeru, sannan a saki ta biyu ta lanƙwasa su. Matakalan Bowden ma aikin da suke yi ke nan, suna sassauta matsi ta fuska ɗaya kusa da su, su ba layukan alƙibla.

Ƙwallon

Nan ne za ka ajiye tunanin gyara. Ramukan sun fito ne maimakon layuka domin kumburin ƙwallo ya sa faɗawa ciki da fitowa waje ba tsada ɗaya ba ce, kuma idan aka karya wannan daidaito tsarin kusurwa shida ne ke cin nasara kusa da iyaka. Stoop da Reis da Dunkel da abokansu a jami'ar MIT ta Amurka sun tsara wannan a 2015 da wani salo na lissafin Swift da Hohenberg, wanda asalinsa a 1977 don motsin ruwa mai zafi aka yi shi. Abin da suka samu: ƙaramin matsi da kumburi mai ƙarfi suna ba da ramuka, babban matsi ko ƙwallo mai girma idan aka gwada da kaurin fatarsa yana ba da murɗe-murɗe, a tsakani kuma su zauna tare. In ka ƙara zuƙe iskar za ka ga ramukan suna haɗewa biyu-biyu su zama kwaruruka.

Batun biyar da bakwai kuwa hukuncin lissafi ne da ya girmi fagen nan da ƙarnuka. Ƙa'idar masanin lissafi Euler ta ce in ka rufe ƙwallo da ɗakuna, uku suna haɗuwa a kowace kusurwa, ka ba mai maƙwabta biyar maki ɗaya, mai shida sifiri, mai bakwai ka cire ɗaya, jimillar dole ta zama 12. Ba 11 ba, ba 13 ba, ko ramuka ɗari ne ko dubu. Ba a rufe ƙwallo da masu shida zalla. Don haka aƙalla masu biyar 12 za ka samu. Masu bakwai fa? Kowane mai biyar da ke shi kaɗai yana takura maƙwabtansa, kuma takurar tana ƙaruwa da yawan ramuka. In ramukan suka yi yawa, ya fi arha a shimfiɗa takurar a jerin biyar, bakwai, biyar, bakwai, biyar, wanda jimillarsa ɗaya ce dai. An ga irin waɗannan jerin a 2003 a ƙwayoyin da suka jeru a kan ɗigon ruwa, a aikin Bausch da abokansa, sannan Brojan da Reis da abokansu suka same su a ramukan yamutsi a 2015. A siffar zobe mai rami a tsakiya jimillar sifiri ce, amma duk da haka masu biyar sukan karkata wajen bayan zoben, masu bakwai wajen cikinsa, domin aibi yana bin irin kumburin wurin.

Tushen duk wannan shi ne abin da masanin lissafi Gauss ya tabbatar a 1827, cewa ba a sauya kumburin da ke jikin fuska ba tare da an ja ko an takure ta ba. Shimfiɗaɗɗen falle ba zai kwanta a kan ƙwallo lafiya ba, yankin ƙwallo ma ba zai kwanta a shimfiɗe ba. Tobasco da Paulsen da Katifori da abokansu sun yi wannan na biyun a 2022, suka yanki siraran ɓawo masu kumburi suka ɗora a kan ruwa. Masu siffar sirdi sun ba da layuka da ke bin hanya mafi kusa zuwa baki, su haɗu a wani ƙashin baya a tsakiya wanda siffar yankan kaɗai ke zana shi. Masu siffar ƙwallo kuwa, gwargwadon yadda aka yanke su, wani yankin yakan jeru, wani ya ƙi jeruwa sam. Wato har rashin tsari ma akwai inda siffa ce ta tanade shi.

Inda wannan bayani ya tsaya

Duk lissafin da na ba ka na ƙaramin matsi ne, da roba mai zurfi da ta ninka tazarar sau da yawa, da falle manne ko'ina, da kayan da ke komawa yadda suke in an sake su. Ka fita daga nan, labari ya sauya. A kan roba, wajen matsin kashi 20 cikin ɗari, kwari ɗaya cikin kowane biyu yakan zurfafa ɗayan ya cike, abin da Brau da abokansa suka bayyana a 2011. A kan ruwa, Pocivavsek da abokansa sun nuna a 2008 cewa in matsin ya kai kusan sulusin tazara ɗaya, sai tuddan su tattara su zama ninki guda mai zurfi, sauran wurin ya miƙe. In mannewar ba ta da ƙarfi, fallen zai gwammace ya ɗago ya yi ƙuraje maimakon ya ja robar. In robar ba ta gasu sosai ba, tana da yauƙi, tsarin zai ci gaba da sauyawa bayan ka bar shi, rassa su riƙa rarrafawa suna cinye juna.

Ilimin da ake da shi yana faɗin adadin da siffa ta wajabta da kuma yankin da aibobi za su fi taruwa. Ba ya nuna maka cewa reshe kaza zai fito a maikiromita kaza, domin tsare-tsare masu yawa ne tsadarsu ta yi kusan ɗaya, ɗan ƙaramin abu ne ke zaɓar wanda za a faɗa. Ni ma daga bayaninka nake magana, hotunanka da taswirar kaurin fallenka ne za su raba gardama.

Ga samfurin ja, ka auna kauri a wurare da dama ta tsawon layukan, ka rage jan zuwa kashi kaɗan cikin ɗari, ka sassauta farkon sakin, ka yi gwajin ja da saki. Ga ƙwallon, ka sa kwamfuta ta gano tsakiyar kowane rami ta ƙirga maƙwabtansa, ka tara makin. Cikakken ƙwallo zai ba ka 12. In rabin ƙwallo ne, ka sa ran kusan 6, amma ka cire ramukan da ke layin baki daga ƙirgar, domin maƙwabtansu ba su cika ba, za su nuna maka masu biyar da huɗu na ƙarya. Tagwayen biyar da bakwai da ke warwatse nesa da jerin nan su ne rarar da za ka iya ragewa, ta hanyar zuƙe iskar a hankali da maimaita zuƙa da saki kaɗan-kaɗan kusa da iyaka.